Azumin Da Zuciyarsa Ta Lafa

Azumin bana ya faɗo a bakin bazara, kuma tun ranar da aka ga wata jikina ya gane shi. Irin zafin nan ne da tabarma ke ɗaukar ɗumi tun hantsi, ruwan randa ya zama kamar an sauke shi daga murhu. Jikata Ummi tana zaune wurina nan Dutsin-Ma saboda makaranta, kuma tana da asma. In la'asar ta yi sai in ji ƙirjinta yana 'yar ƙara siririya, kamar kukan jaririyar kyanwa a bayan ɗaki. Ita ko a jikinta. Tana da abin shaƙa iri biyu, na kullum da na ko-ta-kwana, likita ya gaya mata magungunan da ba za ta kusanta ba, ga fanka mai aiki da hasken rana tana kaɗa mata iska. Ni ce dai nake ajiye carbi in kasa kunne.

An ce azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai yana zagaye kafin ya dawo inda ya bari. To, ya dawo.

A wancan karon ina amarya. Daga Kurfi aka kai ni wani ƙaramin ƙauye gefen Birchi, bayan kakar da ba ta yi albarka ba. Cikin kayan ɗakina har da kwalin littattafan soyayya irin na kasuwa, waɗanda bangonsu ke yagewa tun kafin a kai tsakiya. Na karance su har na haddace, na kuma shiga gidan miji da yaƙinin cewa duk abin da ke cikinsu yana jirana a can.

Mijina sunansa Lawal. Yanzu da furfura ta rufe ni nake iya faɗar sunan. A lokacin Malam nake ce masa. Dogo ne siriri, mai sanyin magana, manomi ɗan manomi. Yana da ciwon fuka, wato asma, tun yana yaro. An sha jiƙe-jiƙe, an yi turare, an yi tsaga a ƙirji, har dai wani zuwa asibitin Dutsin-Ma aka ba shi abin shaƙa, wata 'yar roba shuɗiya da ba ta wuce tafin hannu ba. Shi da kansa ya raɗa mata suna Shuɗiya. Mutanen ƙauye ba su yarda da ita ba, suna cewa wanda ya fara shaƙa ba ya dainawa. Sada kuwa, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, bai taɓa ganin ta a hannunsa ya yi shiru ba.

"Kai jama'a, Malam Lawal ya kunna tabarshi! Sammini zuƙa guda mana, bawana."

"Wa ne bawanka? Kai da ko hayaƙin murhu ya fi ƙarfin kanka."

Shuɗiya tana da wata ɗabi'a. Da ya shaƙa, kafin a jima ƙirjinsa ya buɗe, ƙarar ta ɗauke, amma sai yatsunsa su kama kyarma, zuciyarsa ta shiga bugu da sauri. Farkon ranar da na ɗora kunnena a ƙirjinsa na ji wannan bugun, na tashi zaune ina rufe fuska. Ai abin da littattafaina suka ce ke nan: in masoyi ya kusanci masoyiyarsa, zuciya takan yi kamar za ta fasa ƙirji, hannu ya yi rawa.

"Malam, duk ni ce haka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To wa kuma? Kin ga wata a ɗakin?"

Ya san maganin ne. Bai taɓa ƙwace mini abina ba.

Akwai ma ranar da na ƙara tabbatarwa. Wata yamma kafin azumi ciwon ya taso masa, yana zaune bakin ɗaki kafaɗu a ɗage, yana lalubar aljihu bai ga Shuɗiya ba. Ni kuma na sa hannu cikin kara zan hura wuta, kunama ta harbe ni. Na ƙwalla ƙara. Mutumin da ko magana ba ya iyawa ya yi tsalle ya tsallake turmi, ya take kunamar, ya ɗaure mini yatsa, ya ruga gidan wanzami ya dawo a guje. Sai da hankali ya kwanta muka lura numfashinsa ya koma fes, babu ƙara ko kaɗan. Na kwana da zogi, amma zuciyata fari ƙal. Na ce a raina, sona ya warkar da shi.

A gidan, mu uku ne: ni, shi, da mahaifiyarsa, Inna. Lawal ɗanta ne na fari, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta faɗar sunansa. Ba ta kallon fuskarsa. In ya durƙusa gaishe ta da safe, bango take amsa wa. In wani baƙo mai suna Lawal ya zo, sai ta ce "mai sunan nan". Shi kuwa nata, "wancan" ne, ko "na ɗakinki". Ba ta taɓa miƙa masa ko kofin ruwa hannu da hannu ba. Da farko na ɗauka ba ta son sa, don a littattafaina so magana ne. Sai a hankali na ga cewa in ya yi tari a ɗaki, taɓaryar Inna takan tsaya cak a sama, ba ta sauka sai tarin ya lafa.

Azumi ya kama mu rumbu ya yi ƙasa. In na leƙa ciki sai na ɗage ƙafa na tura rabin jikina kafin hannuna ya taɓa damin dawa. Gero kuwa an ware na iri an rataye, ba mai taɓawa ko da za a kwana da yunwa. Inna ce ke auna abin da za a daka, da 'yar ƙwaryarta mai ɗinki a baki, kuma kullum sai ta shafe saman da tafin hannu ta mayar da abin da ya zubo. Tuwon ya zama na sahur kawai. Miyar kuka ce, wata rana da daddawa, wata rana gishiri da barkono. Da shan ruwa kunun tsamiya ne da kwaɗon busasshen zogale, in an samu ƙuli a marmasa. Rijiyar gari ta ja baya har igiya biyu ake haɗawa, guga ya fito da rabin ruwa rabin laka. Matan da ke fita sukan tafi rafi tun da sanyin safiya su tona yashi, su zauna suna jiran ruwa ya tsatso kamar hawaye.

Da rana gari yakan mutu. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin rumbu. Awaki su manne da katanga suna bin 'yar inuwa. Nakan jiƙa zane in lulluɓa, kafin in gama shafi biyu ya bushe ƙayau. Ga shi kuma ina da ƙaramin ciki wanda ban gaya wa kowa ba sai shi, yawu yana taruwa mini a baki ina rasa yadda zan yi da shi.

Maza kuma aikin gona ba ya jiran azumi. Lokacin kai taki ne da sharar gona. Da an sallame asuba za ka ji jakuna suna wucewa da mangala, samari suna raha, yau gonar wannan gobe ta wancan. A tone tushiyar dawa, a tara ta da ƙaya da ciyawa, a cinna wuta. Duk inda ka duba hayaƙi ne ke tashi tsaye a sararin da babu gajimare ko ɗaya.

Liman da kansa ya ce wa Lawal mara lafiya yana da sauƙi, in ciwo ya taso ya yi shaƙarsa ya rama daga baya. Lawal ya ce ya ji. Amma ya sa wa ransa ba zai kai Shuɗiya baki da rana ba sai in ta kai maƙura. Sai ya wuni yana jan numfashi da dabara, yana aiki yana hutawa, da an kira magariba ya kurɓi ruwa ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya rama na wunin duka. Saboda haka daidai lokacin da zai ɗauki ludayin kunu, hannunsa yana kyarma har ludayin na ƙwanƙwasa bakin ƙwarya.

Inna tana bakin ɗakinta ta ba shi baya, amma tana jin wannan ƙwanƙwasar.

Da azumi ya raba tsakiya ta kira ni muna tsince zogale.

"Yaki nan, ɗiyar nan. Wancan na ɗakinki, mi ke sa hannunshi kyarma?"

Na sunkuyar da kai ina murmushi. "Zuciyarsa ce ke bugawa, Inna."

"Bugawa kamar ƙaƙa?"

"Da ƙarfi. Kamar ana kiɗa a ciki."

Ta murza ganye a yatsunta. Can ta ce, "Nawa ma haka ya faro."

Inna tana da hawan jini da faɗuwar gaba, an daɗe da ɗora ta a kan wasu 'yan ƙwayoyi daga asibiti, tana ajiye su a gwangwanin da ke cikin jerenta. Na san da su kamar yadda na san da carbinta, ban taɓa kawo komai a kansu ba.

Washegari ta ce, "Daga yau kunun wancan ni zan riƙa damawa, na shan ruwa da na sahur. Naki ya cika ruwa."

Abin ya sosa mini rai. Na shiga ɗaki na yi 'yar ƙwalla, don ina ganin an raba ni da wata hidima ta masoya. Lawal ya ce in bar ta. "Tun da aka yaye ni rabona da abin hannunta ni kaɗai. Ki bar ni in ɗana." Ranar farko ya shanye tas, ya side ludayi, ya ce tsamiyar Inna har da ɗan ɗaci-ɗaci take, irin ta mutanen da. Ya faɗa da ƙarfi don ta ji. Ta ce wa bango, "Surutu dai."

Kyarmar ta daina. Ludayi ya bar ƙwanƙwasa ƙwarya. Na ɗora kunne a ƙirjinsa bayan ya shaƙi Shuɗiya, na ji zuciyar tana tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya.

"Malam, ka daina sona."

"Subhanallahi. Daga ina kuma?"

"Ba ta bugawa."

"Ta saba da ke ne. Ai ba a yi wa na gida kiɗa." Ya yi murmushi, amma sai da ya raba maganar gida biyu ya ja iska a tsakani.

Don tare da kyarmar, aikin Shuɗiya ma ya ja baya. Ya shaƙa, ya jira, ƙarar tana nan. Ya ce ji yake kamar yana hura wuta a ɗanyen icce. Muka ce ko ta ƙare. Muka ce ko zafi ya lalata ta. Sada ya hau keke ranar kasuwa ya sayo sabuwa fil a kwalinta, ya miƙa masa yana cewa, "Ga tabarka, Allah shirye ka." Sabuwar ma haka. Lawal ya koma barci a zaune, ya jingina da bango. Duk da haka ya ce saura gona ɗaya a share, a gama kafin Sallah, sai ya je asibiti.

Ranar da abin ya faru muna cikin goman ƙarshe. Tun hantsi aka ga hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar, baƙi ƙirin, har yara suka fara tsalle. Babu ruwa a cikinsa ko ɗigo, iska ce kawai. Ta iso daidai su Lawal sun cinna wa tarin tushiya wuta a gona, ta juya hayaƙin gaba ɗaya ta kife shi a kansu.

Bayan azahar Sada ya shigo da shi a kan jaki, yana riƙe da shi ta baya. Ban taɓa ganin fuskar Sada babu dariya ba sai ranar. Aka zaunar da shi ya dafa turmi da hannu biyu. Ramin wuyansa yana shiga yana fita. Ya dube ni, ya dubi rana, sannan ya ɗaga Shuɗiya ya kai baki. Ya karya azuminsa. Ya shaƙa, ya shaƙa, ya sake. Na tsaya ina jiran kyarmar nan, ina roƙon Allah ya nuna mini yatsunsa suna rawa. Shiru. Har ƙarar ƙirjin ta fara raguwa, na ce alhamdu lillahi, ya fara sauƙi. Sada ya girgiza kai. Iskar ce ta daina shiga.

Inna tana tsaye a ƙofar ɗakinta, rabin jikinta a juye, ta damƙe asabari har yana karyewa a hannunta. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Ba ta tako ba. Da murya wadda ban san ta da ita ba ta ce, "Ku kai shi mana! Kun tsaya kuna kallo!"

Muka fitar da shi bakin titi a amalanke. Allah ya kawo wata a-kori-kura ta 'yan kasuwa, suka matsa buhuna suka ba mu wuri. Ni da ba na fita ko ƙofar gida, na hau bayan mota da mayafi a karkace, kansa a kafaɗata a gaban maza, ban ji kunyar kowa ba. Leɓɓansa sun koma kalar toka. Ina ta yi masa magana a kunne, duk kalaman da na haddace na zuba masa su, na ce ya tuna ranar kunama. Har ƙara na ƙwalla da gangan, ko zai firgita ya tashi kamar wancan karon. Ya dai matse yatsana.

A asibitin Dutsin-Ma wani matashin likita ya karɓe mu, shi ma leɓɓansa a bushe da azumi. Ba su yi sanya ba. Aka yi masa allura, aka ɗaura ruwa, aka sa masa abin iska a hanci, aka sake wata allurar. Likitan yana riƙe da wuyan hannunsa yana duban agogo, goshinsa a tattare.

"Malama, wane magani yake sha ban da wannan?"

"Babu."

"Ki tuna da kyau. Na hawan jini, ko na bugun zuciya? Ko wani ya ba shi?"

"Wallahi babu, likita. Shi ko ciwon kai ba ya shan magani."

"Mutumin da ya shaƙi abin nan haka, aka kuma yi masa wannan allura, zuciyarsa gudu ya kamata ta riƙa yi. Tasa tafiya take kamar ta mai barci."

A littattafaina masoyi ba ya tafiya sai ya yi doguwar magana, ya bar wasiyya, ya share wa masoyiyarsa hawaye. Lawal bai samu iskar kalma ɗaya ba. Ana kiran magariba, mutane a baranda suna miƙa wa juna dabino da ruwa, yatsunsa suka saki nawa.

Muna jiran motar da za ta mayar da mu, likitan ya fito da kofin ruwa ya ce in sha, na ce sai ya gaya mini abin da ya hana allurar aiki. Ya zauna nesa kaɗan a kan benci. Ya ce hanyoyin iska a cikin huhu kamar 'yan jakunkuna ne masu zariya a baki, zariyar kuma tsoka ce siririya da mutum ba shi da iko da ita. Hayaƙi ko ƙura kan sa ta tsuke, ta mai asma kuma ta fi saurin tsukewa. Ya ce jiki yana da wani sinadari nasa da yake saki cikin jini in mutum ya firgita, shi ke sa zuciya gudu, shi ke kuma sassauta zariyar don iska ta shiga. Abin shaƙa kwaikwayon wannan sinadarin yake yi, shi ya sa yake kawo kyarma da bugun zuciya. Allurar da suka yi masa kuwa sinadarin ne da kansa.

Na ba shi labarin kunama. Ya ce to shi ne.

Na ce, "Ashe ba so ba ne."

Ya dube ni. "Wanda bai damu da ke ba, ai ba zai firgita ba."

Sannan ya ce akwai wani irin maganin hawan jini da bugun zuciya wanda aikinsa shi ne ya toshe ƙofar da wannan sinadari ke ƙwanƙwasawa. Ga mai ciwon zuciya rahama ne. Ga mai asma kuwa, zariyar takan tsuke, kuma duk mai zuwa kwance ta, na shaƙa ne ko na allura, sai ya tarar da ƙofa a kulle. Ya ce shi abin da ya gani ya yi kama da haka, amma tunda na ce babu, Allah ne masani.

Na ce babu, kuma har zuciyata babu ɗin na sani.

Aka yi jana'iza da safe. Sallah ta zo ta same ni cikin takaba, babu lalle, babu kitso. Masu gaisuwa in sun durƙusa gaban Inna, sai ta ce, "Ku yi wa ɗiyar nan, ita aka yi wa rashi." Ba wanda ya ga hawayenta. Ta ci gaba da auna dawa da 'yar ƙwaryarta, sai dai kullum awon mutum uku take yi, ta tsaya ta dube shi, ta rage.

Ruwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse. Aka fita roƙon ruwa, ina jiyo muryoyin daga ɗaki. Zafin ya kai har bango in ka dafa sai ka janye hannu. Cikina ya fara fitowa, na rame, in na miƙe gabana ya yi ta faɗuwa.

Ranar da ruwan ya sauka da hantsi ne. Ƙamshin ƙasa ya riga shi shigowa. Sai ga shi kamar da bakin ƙwarya, indararo yana zuba, yara suna ihu a lungu. Kafin la'asar Sada ya yi sallama daga zaure ya ce a miƙo irin da aka rataye, gobe shi da samari za su fara da gonar Lawal kafin tasu. Muryarsa ta karye a kan sunan.

Inna ta sauko da geron ta miƙa, sannan ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin gado, daidai inda yake jingina. Zanenta a jiƙe. 

"Ɗiyar nan, mi likita ya ce?"

"Ya ce kwana ne ya ƙare, Inna."

"Haka ne." Ta gyara zama. "Ni dai abu guda ke cina. Tun farkon azumi nike jin ludayin nan na kaɗawa. Na san ciwon, irin nawa ne. Ba ni iya tambayar shi, ba ni iya miƙa mashi. Sai da kika faɗa mani, sannan na riƙa murje maganina ina zuba mashi a kunu, safe da yamma. Kin ga kuwa ya lafa. Kyarmar ta bari." Ta ɗago ta dube ni, idanunta sun kaɗa. "Da na faro da wuri, halan da zuciyar ba ta gaji ba. Kunya ta sa na makara."

Ruwa yana ɗiga daga bakin rufi cikin kwano. Na ji kowace kalma ta likitan tana dawowa, ɗaya bayan ɗaya, har da yadda ya tattare goshi. Gaskiyar ta zo mini har baki. Na dubi matar nan da ta yi shekara talatin tana son ɗanta ta bayan bango, sau ɗaya tak ta miƙa hannu.

Na ce, "Ba ki makara ba, Inna. Ya ji daɗin kunun. Kullum sai ya faɗa."

Sai ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suka kama rawa, babu sauti.

Da ta natsa ta kwance bakin zanenta, ta fito da gwangwanin. "Ke ma na ga gabanki na faɗuwa. Ungo, ki riƙa shan rabi."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce mai ciki ba ta shan magani sai an duba ta, amma ta bar gwangwanin a wurina, idonta ya fara rauni, ni zan riƙa ba ta a kan lokaci. Ta ce to.

Da kaka na haifi ɗa namiji, mahaifin Ummi. Bai cika shekara ba na ji 'yar ƙarar nan a ƙirjinsa. Iyayena suka aiko daga Kurfi in koma gida, na ce sai na yaye. Na yaye, suka sake aikowa, na ce Inna ba ta da kowa. Gwangwanin yana ƙasan akwatina a kulle, makullin a wuyana. Safe da yamma in ɗauko ƙwaya ɗaya in sa mata a tafin hannu, in tsaya har ta haɗiye. In yaron ya yi tari ta ce a kawo maganinta a ɗan murje masa, sai in ce ya riga ya sha nasa.

Damina huɗu ta yi bayan ɗanta. A ciwonta na ƙarshe mata sun cika ɗaki ana yi mata sannu, na shigo da ruwa da ƙwayar a hannuna. Ta nuna ni da haɓa, tana numfashi da ƙyar.

"Kun gan ta nan. Tun da wancan ya tafi, ko sau ɗaya ba ta bari na taɓa maganina da hannuna ba. Wa ya taɓa samun suruka irin wagga?"

Matan suka ce Allah ya yi albarka. Na tallafi kanta, na ba ta ruwan.